Da kuɗina a ginin, amma sunan maigidana kaɗai ke kan takarda

Ummu Hanan:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata damuwa ce ta hana ni barci kwana biyu, na ce bari in kawo ta nan ko Allah zai sa in samu mai haska min hanya. Shekararmu 14 da aure da Abban Hanan, 'ya'yanmu huɗu, kuma tun farko ina so ku sani lafiya lau muke zaune.

Shekara shida da suka wuce muka sayi fili. Kuɗinsa ba su kai ba, ni kuma a lokacin an raba mana gadon mahaifinmu, sai na sayar da kasona na ba shi ya cika. Da aka fara gini muka yi shawara albashinsa ya riƙa tafiya wajen bulo da siminti da kuɗin magina, nawa kuma ya riƙe cefane da kuɗin makarantar yara. Haka muka yi shekara huɗu. Da aka zo rufi kuɗi suka yanke, na ci bashi a wurin aikina, har yau ana cire min duk wata.

Yanzu mun tare. Makon jiya ya zo da takardun da zai kai a yi wa gidan rajista, na duba na ga sunansa shi kaɗai. Na ce masa, "Ni ina nawa sunan?" Nan take fuskarsa ta canza, ya ce, "Au, shirin rabuwa kike yi?" Tun ranar bai sake ɗaga maganar ba, ni ma na kasa. Takardun suna nan a durowa bai kai ba. Don Allah, laifi na yi da na tambaya? Kuma idan gidan ya tsaya da sunansa, wani abu ya faru gobe, ina nake?

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam 'yata. Ba ki yi laifi ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ki kwantar da hankalinki, tunda bai kai takardun ba, maganar na ci masa rai shi ma. Zan dawo in ba ki labarina idan na idar da salla.

Baban Khalil:
Da girmamawa Hajiya, ni na fahimci mijin nan. Aure fa ba kamfani ba ne da za a ce kowa ya kawo rasit ɗinsa. Namiji ya kwashe shekaru yana hana kansa jin daɗi don iyalinsa su samu inda za su fake, ranar da ya gama sai a tare shi da "ina sunana". Dole ya ji zafi. Gidan ba nata da 'ya'yanta ba ne? Wa zai kore ta? Ummu Hanan, shawarata ki bar maganar nan kada ki buɗe wa shaiɗan ƙofa a gidan da yake zaune lafiya.

Maman 'Yan Biyu:
Baban Khalil, ita ba ta hana kanta jin daɗi ba ke nan? Gadon ubanta fa ta sayar. Idan suna a takarda ba komai ba ne, to a sa nata ita kaɗai mu ga ko zai ce ba komai.

Barista:
Ƙanwata Ummu Hanan, amsar "ina nake" ta dogara da dokar da aurenku yake ƙarƙashinta da kuma ƙasar da gidan yake, don duniya ba ta haɗu a baki ɗaya ba kan wannan. A Faransa, tun dokar 1965, ma'auratan da ba su rubuta wata yarjejeniya ba, duk abin da suka saya da kuɗin aikinsu bayan aure na su biyu ne, ko sunan wa ke kan takarda. Abin da mutum ya shigo da shi auren ko ya gada ne kawai nasa shi kaɗai. Jihohi tara na Amurka, cikinsu har da Kalifoniya, a kan wannan tsari suke. A Ingila kowa da dukiyarsa yayin zaman aure, amma ranar saki dokar 1973 ta ba alƙali ikon cire gida daga sunan wannan ya mayar sunan wancan idan ya ga adalci ke nan.

Sai kuma wuraren da ake bin takarda da hujja: gida na wanda sunansa ke jiki ne, sai in ɗayan ya tabbatar da abin da ya zuba. Yawancin matan da suke zuwa ofishina suna kuka, a wannan tsarin suka faɗa. Kuma abin da na lura da shi, kotu ba ta cika ƙaryata mace ba, tambaya ɗaya take yi mata: ina shaidarki? Kuɗin gadonki, hannu da hannu kika ba shi ko ta banki? Bashin wurin aikinki, akwai abin da ya nuna rufin gidan aka yi da shi? Waɗannan biyun suna da sawu, ana iya binsu. Shekara huɗun cefane kuwa ita ce mai wuya, don abin da aka ci ba ya barin rasit.

Ummu Hanan:
Na gode Barista. Na gadon ta banki yayana ya turo min, ni ma ta banki na tura masa a rana ɗaya. Na rufin kuwa ciro su na yi na miƙa masa a hannu.

Malam Abu Yusuf:
Bismillah. A shari'a aure ba ya haɗe dukiyar miji da ta mata. Aya ta 32 a Suratun Nisa'i ta ce maza suna da rabo daga abin da suka tsiwirwira, mata ma suna da rabo daga abin da suka tsiwirwira. Saboda haka kuɗin da mace ta miƙa wa mijinta ba sa narkewa su ɓace don kawai mijinta ne. Ɗayan uku ne: ko kyauta ta ba shi, ko rance, ko kuma tarayya suka yi a abin da aka saya. Idan kyauta ce da daɗin rai, halal ne gare shi kamar yadda aya ta 4 ta surar ta nuna, kuma ba ta da damar dawowa ta karɓa. Idan rance ne, zai biya ta adadin da ya karɓa ko da gidan ya ninka daraja sau goma. Idan tarayya ce, tana da kaso a ginin kansa, ya tashi ta tashi da shi, ya faɗi ta faɗi da shi.

Matsalar gidajenmu ita ce ranar miƙa kuɗin ba wanda yake faɗin wanne ne daga cikin ukun. Ita a ranta tarayya ce, shi a ransa taimako ne, duk su biyun kuma ba maƙaryata ba ne. Malama Ummu Hanan, ke me kika ce masa ranar?

Baban Khalil, ka ce rubutu ƙofar shaiɗan ce. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma sahabbai aka fara faɗa wa, mutanen da suka fi mu amana nesa ba kusa ba. A cikinta Allah Ya ce rubutun ya fi adalci, ya fi tsayar da shaida, ya fi kusa da kawar da shakka. Ban ga inda aka cire miji da mata ba.

Ummu Hanan:
Allah gafarta Malam, abin da na ce shi ne, "Ga wannan mu cika mu sayi filinmu." Haka na ce, filinmu.

Malam Abu Yusuf:
To wannan lafazi ya fi kama da tarayya. Amma yau kalmar tana ranki da ransa ne kawai.

Anti Mai Haƙuri:
Ni ba ilimi zan kawo ba, abin da ya same ni zan faɗa. Shekara 19 na yi a gidan tsohon mijina. Ɗinki nake yi, kekena uku da yara masu koyo. Ɗaki biyu muka tarar a gidan, muka mayar da shi shida, kuma wallahi ƙofofi da tagogi da wayar wuta duk daga allurata suka fito. Ban taɓa rubuta ko sisi ba, kunya ma nake ji in ƙirga a gabansa. Da saki ya zo, na gama idda, na fita da kekunana da akwatina. Na kai ƙara, alƙali ya saurare ni da mutunci, ya ce in kawo shaidu. Wa zan kawo? Da dare a ɗaki nake ba shi, daga ni sai shi sai Allah. Aka juya gare shi ya yi rantsuwa cewa kyauta nake ba shi, shari'a ta ƙare a nan.

Abin da ya fi ci min rai, na yarda shi a zuciyarsa kyautar ya ɗauka, don ban taɓa ce masa ba kyauta ba ce. Mutumin da ya rabu da ni ba shi ne wanda nake miƙa wa kuɗi shekara goma baya ba, ni ma ba ni ce waccan ba. Ummu Hanan, yanzu da yake kallonki da idon rahama ne za ku iya rubuta gaskiya. Idan zuciya ta ɓaci, kowa abin da ya yi yake tunawa, ya manta na ɗan uwansa.

Injiniya:
Allah Ya saka miki Anti. Amma kada a ɗauka mata kaɗai abin ke ci. Ni da hannuna na sa gidana na haya da sunan matata. Lokacin kasuwanci ya fara tangal-tangal, masu bin bashi sun fara zarya, wani aboki ya ce in mayar da gidan sunanta kada a taɓa shi. Ko ƙwandala ba ta sa a ciki ba. Allah Ya taimake ni na biya bashin, bayan shekara uku aure ya mutu, na ce a dawo min da gidana, ta ce ai kyauta na ba ta. Ga takarda da sa hannuna da shaidu biyu. Har yau ita ke karɓar haya.

Barista:
Yaya Injiniya, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, labarinka tsoho ne a kotuna. A 1970 an yi irinsa sak a Ingila, shari'ar Tinker da Tinker. Mutumin ya buɗe garejin gyaran mota, ya sa gida da sunan matarsa don kada masu bashi su kai gare shi idan sana'ar ta karye. Aure ya mutu, ya nemi gidan, kotun ɗaukaka ƙara ta hana shi. Dalilinta shi ne ba zai yiwu gida ya zama na matarka a gaban masu binka bashi, ya kuma zama naka a gaban matarka ba. Ɗaya za ka zaɓa. Ga kuma ɗaya gefen: da kasuwancin ya karye, dabarar ma ba lallai ta cece ka ba, don dokoki da yawa sun ba kotu ikon soke mallakar da aka sauya da nufin guje wa masu bashi. Ingila tana da irin wannan doka tun 1571.

Malam Abu Yusuf:
A fiƙihu ma wanda ya ba matarsa kyauta ta karɓa, ba ya dawowa. Mahaifi ne aka yi wa rangwamen karɓe abin da ya ba ɗansa, shi ma da sharuɗɗa. Idan kuwa ajiyar suna ce kawai, ita ta san gaskiya a ranta, kuma hukuncin alƙali ba ya halatta haram. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗi wanda aka yanke wa haƙƙin ɗan uwansa saboda ya fi iya zance, cewa yankin wuta aka yankar masa. Wannan gargaɗin ya hau kan tsohuwar matar Injiniya idan ta san ajiya ce, ya hau kan tsohon mijin Anti idan ya san ba kyauta ba ce.

Injiniya:
Na karɓa Barista. Niyyar tawa ma tun farko ba ta da kyau, na sani. Na faɗa ne don wani ya ji.

Baban Khalil:
To, na sauko a kan kuɗin gado da na rufi. Abin da aka ƙirga aka miƙa, a rubuta. Amma inda ba zan sauko ba shi ne a ce mace don ta yi shara da girki da raino tana da kaso a gidan da miji ya gina da guminsa. Shi fa ke ciyar da ita, ya tufatar da ita, ya biya asibiti. Idan za a yi lissafi, a yi duka mana. Wannan tsarin raba biyu na Turawa shi ya sa samarinsu ke gudun aure.

Maman 'Yan Biyu:
Baban Khalil, ɗauki mai raino da mai girki da mai wanki da mai jinyar mahaifiyarka ka biya su wata ɗaya tak, sai ka dawo mu yi lissafin. Ƙawata ta ajiye aikin asibiti saboda mijinta ya ce yara na buƙatarta. Shekara 12 tana gida, shi yana hawa matsayi yana sayen filaye. Da ta ci gaba da aikinta da ita ma tana da nata. Filayen nan da lokacinta aka saye su.

Barista:
Gyara kaɗan Yaya Baban Khalil, ba ko'ina ake raba biyu ido rufe ba. Shari'ar da ta sauya al'amura a Ingila ita ce ta White da White a shekarar 2000, wasu manoma da suka yi aure sama da shekara 30. Alƙalai suka ce kada a fifita mai nemo kuɗi a kan mai riƙe gida, amma ita matar ba ta samu rabi cif ba. A Kenya dokar dukiyar ma'aurata ta 2013 ta lissafa aikin gida da raino da aikin gona a matsayin gudummawa, ta kuma ce abin da aka saya lokacin aure da sunan mutum ɗaya, ana ɗaukar yana riƙe da shi ne amana har da ɗayan, sai in ya kawo hujjar akasin haka. Duk da haka a Janairun 2023 kotun ƙolinsu ta ce aure kaɗai ba ya ba mutum rabi, kowa gwargwadon abin da ya tabbatar ya zuba. A Sin kuwa, a 2021 wata kotu a Beijing ta ba wata mata diyyar aikin gida na auren shekara biyar, yuwan dubu 50, mutane suka yi ta ce-ce-ku-ce cewa ko mai aiki ba za a biya haka ba.

Kuma ba Turawa kaɗai ba ne. Kotunan shari'a a Malesiya suna raba dukiyar da ma'aurata suka tara tare, har macen da ba ta fita aiki ba suna duba hidimarta. A Indonesiya kundin hukuncin Musulunci na 1991 ya ba kowannensu rabin dukiyar da aka tara cikin aure, sai in sun yi wata yarjejeniya.

Malam Abu Yusuf:
A nan ina tsakiya, kuma zan faɗi abin da na sani ba tare da son rai ba. Jumhurun malamai ba su mayar da hidimar gida ta zama kaso a dukiyar miji ba. Abin da suka tanadar wa matar da aka saka shi ne ciyarwa da wurin zama a idda, ragowar sadaki idan akwai, da kyautar rabuwa da aya ta 241 a Baƙara ta ambata, wadda mun yi watsi da ita kamar ba a saukar ba. Amma akwai fatawar da malaman Maroko suka daɗe da ita, wadda ake jingina wa Ibn Ardun na ƙarni na 16, cewa macen da ta yi noma da girbi da saƙa tare da mijinta har dukiya ta ƙaru, abokiyar tarayya ce a abin da ya ƙaru. Wasu malamai sun yi masa raddi, wasu alƙalai sun yi aiki da ita. Dokar iyali ta Maroko ta 2004, sashe na 49, ta ce kowa da dukiyarsa, amma suna iya rubuta yadda za su raba abin da za su tara a takarda dabam da ta aure, kuma an wajabta wa masu rubuta auren su sanar da su wannan damar.

Ku lura, batun Ummu Hanan bai ma kai nan ba. Ciyarwa wajibin miji ce ko da matarsa ta fi shi kuɗi. Shekara huɗu tana ɗauke masa wajibinsa don ya samu ya yi gini. A mazhabar Malikiyya, macen da ta kashe dukiyarta a kan mijinta tana da damar neman a mayar mata, sai in da niyyar kyautatawa ta yi.

Baban Khalil:
Na ji Malam. A kan hidima dai ina nan inda nake, amma wannan na ciyarwa ban taɓa kallonsa haka ba.

Hajiya Babba:
Na dawo. Duk kuna ta maganar saki, ni mutuwa ce ta koya min. Alhaji, Allah Ya jiƙansa, bai taɓa ɓata min ba a shekara 31. Rabin kuɗin gidan da muke ciki daga kasuwancina ya fito, shi da bakinsa yake faɗa wa baƙi, "Gidan Hajiya ne, ni ɗan haya ne." Kullum yana cewa zai gyara takarda. Ranar wata Talata ya fita, sai gawa aka dawo min da ita. Da aka zo rabon gado, gidan kaf aka sa cikin dukiyarsa, ni da abokiyar zamana muka raba tumunin takaba, wato kowacce kashi ɗaya cikin 16. Ba wanda ya zalunce ni da gangan, masu rabo abin da ke rubuce suka bi. 'Ya'yana suka ce in yi magana, na duba marayun ɗakin can ƙanana, na ce a bari. Na yafe, amma da Alhaji zai dawo na minti biyar, na san abin da zai fara nema biro ne.

Saboda haka 'yata, idan za ki koma masa kada ki ambaci rabuwa ko kaɗan. Ki ce masa, "Idan ka riga ni, da wane baki zan faɗa wa 'yan uwanka ina da kaso? Idan na riga ka, me za ka ce wa mahaifiyata?"

Ɗan Autan Mama:
Allah Ya jiƙan Alhaji, Mama. Tambaya Malam: ba sai miji ya bar wasiyya cewa gidan na matarsa ne ba, a huta?

Malam Abu Yusuf:
Babu wasiyya ga magaji, sai in sauran magada sun amince bayan rasuwar, mata kuwa magajiya ce. Abin da ake fitarwa kafin gado shi ne bashi, da kuma abin da tun asali ba na mamacin ba ne, kamar kason abokin tarayya. Shi ya sa rubutun yake da nauyi, kuma a yi shi da lafiya, don iƙirarin da mutum ya yi wa magajinsa a ciwon ajali ana tuhumarsa. Wani abu kuma da mutane ba su sani ba: a Malikiyya, miji ya ce ya ba matarsa kyautar gidan da suke zaune, ya ci gaba da zama a ciki har ya rasu, kyautar ba ta cika ba, don ba ta karɓe shi daga hannunsa ba. "Gidan Hajiya ne" a baki, ko da da shaidu, yana iya rushewa ta nan. Amma "sulusin gidan nan nata ne, da kuɗinta aka saya" iƙirarin mallaka ne, hukuncinsa dabam.

Baban Khalil:
To bari in faɗi abin da maza da yawa ke tsoro ba sa faɗa. Idan sunanta na kan gida ta rasu, danginta za su zo su ce a sayar a ba su gadonsu. Mutum da 'ya'yansa su koma haya a kan gidan da ya gina.

Malam Abu Yusuf:
Mu lissafa da nata. Malama, kina da ɗa namiji?

Ummu Hanan:
Biyu, Malam. Mahaifiyata tana raye.

Malam Abu Yusuf:
To 'yan uwanki ba su da komai, ɗa namiji ya katange su. A ce kasonki sulusin gida ne. Mijinki ya ɗauki rubu'insa, mahaifiyarki ta ɗauki sudusinsa, wato kashi ɗaya cikin shida, sauran na 'ya'yanku. Abin da zai fita daga gidan ke nan kashi ɗaya cikin 18, a yi masa kuɗi a biya ta. Kuma Baban Khalil, wannan kason haƙƙin tsohuwar ne ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Rashin rubutun bai kankare shi ba, ɓoye shi kawai ya yi, mijin ya ci ba tare da ya sani ba.

Uwargida:
Ba wanda ya taɓo ƙarin aure sai Hajiya a fakaice. Ni abin da ke damuna ke nan. Na sa kuɗina a gini, amarya ta shigo ta tarar da shi a gine, ranar rabo mu tashi daidai. Ba kishi ba ne, ita ma tana da haƙƙinta a dukiyarsa, amma a dukiyarsa, ba a tawa ba.

Barista:
Wasu ƙasashen sun yi wa wannan tanadi. Dokar Kenya da na ambata ta ce abin da miji ya tara da uwargida kafin ya ƙara aure, tsakaninsu su biyu yake. Indonesiya ma ta ware dukiyar tarayyar kowace mata dabam, ana fara ƙirga ta daga ranar da aka ɗaura nata auren. Inda babu irin wannan doka, takardarki ce kaɗai za ta yi miki wannan aikin.

Ummu Hanan, ga abin da zan ce ki kula da shi idan ya amince. Sa suna biyu a takarda iri biyu ne a dokoki da dama. Akwai wanda idan ɗaya ya rasu gidan kaf yake komawa ga wanda ya rage, wannan zai ci karo da rabon gado idan kuna son a bi shari'a. Akwai wanda kowa kasonsa a ƙayyade yake, misali sulusi da sulusi biyu, kowa magadansa su gaji nasa. Ki ce wa lauya na biyun kuke so, ya rubuta kason ɓaro-ɓaro. Idan sa sunan ya gagara, ko takardar yarjejeniya da sa hannunsa da shaidu biyu ta fi babu nesa, sai dai ba ta hana shi sayarwa ko jinginarwa ga wanda bai san da ita ba. A Faransa doka ta hana sayar da gidan da iyali ke zaune sai da yardar su biyun ko da na mutum ɗaya ne, amma ba ko'ina ake da wannan kariyar ba.

Kuma ki sani suna yana zuwa da nauyinsa. Na ga matar da miji ya buɗe kamfani da sunanta, ta sa hannu a takardar bashin banki ba ta karanta ba, ya tafi, banki ita ya sani. Kada ki sa hannu a abin da ba ki karanta ba, ko da shi ya miƙo miki.

Ummu Hanan:
Assalamu alaikum. Ku gafarce ni kwana biyar shiru, ina ta neman bakin zaren ne. Daren Juma'a na yi yadda Hajiya ta ce, da maganar mutuwa na fara. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce abin da ya ƙona masa rai shi ne ya ji kamar ina cewa zai iya cin haƙƙina. Na ce masa ban taɓa zarginsa ba, amma ni da shi ba mu da tabbacin wayewar gari. Sai ga shi ya ɗauko wani tsohon littafi da yake rubuta kuɗin gini, ashe kuɗin gadona suna ciki da kwanan wata, da rubutun hannunsa.

Ba a komai muka daidaita ba. Na gado ya yarda tarayya ce. Na rufi ya ce shi rance ya ɗauke shi, kuma daga wannan watan shi zai riƙa mayar min abin da ake cirewa. Na so a haɗa shi cikin kaso, ya ƙi, na bari. Na cefanen shekara huɗu ni na ce na yafe, don 'ya'yana na ciyar, kuma Malam na yafe ne ina sane da cewa ina da damar nema. Da muka lissafa, kasona ya kama kusan rubu'in gidan, ba sulusi ba. Har yanzu yana jin nauyin yayansa ya ga sunana a takardar, ya ce in ba shi lokaci ya fara yi masa bayani da kansa. Ranar Alhamis za mu je wurin lauya, yayana da ƙaninsa ne shaidu.

Baban Khalil:
Ma sha Allah. Mutumin kirki ne mijinki, ki riƙe shi.

Anti Mai Haƙuri:
Alhamdu lillahi ƙanwata. Idan an sa hannu a yi kwafi uku, ɗaya ki kai wa yayanki ya ajiye, kada duka su kwana a gida ɗaya. Shafin littafin nan ma ki ɗauke shi hoto tun yau.